Shawara: ƙwarin Micropterigidae ko tsutsar tumatir?

Hafsy_Bio: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema. Ina mastas a fannin ƙwari a nan Ingila, malamin da ke duba aikina ya ba ni zaɓi biyu kuma ƙarshen wata yake son amsa. Na farko Tuta absoluta, wato sharon ɗin tumatir da kowa ya sani. Na biyu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne dangin malam-buɗe-littafi, Micropterigidae, fikafikansu a buɗe da kyar su kai santimita ɗaya, suna ƙyalli ruwan zinare da shunayya. Abin da ya ja ni gare su, ba su da dogon bakin nan na zuƙar ruwan fure, muƙamuƙi gare su, tauna garin fure suke yi, kuma su ake ɗauka reshe mafi tsufa a duk dangin. A Birtaniya iri biyar ne kacal, Mayu da Yuni suke fitowa da rana. Wanda ya taɓa yin aikin rarrabe jinsunan ƙwari ya koma gida koyarwa, ya amfane shi kuwa? Sannan maikuroskof da zan saya nawa na kaina in tafi da shi gida, nawa zai kai?

Ɗan Kura: Wa'alaikumus salam. Malama in dai ƙwari ne ki fesa da yamma kar ki fesa da rana, maganin ƙonewa yake.

Sadiq_Jos: Alhaji ba gona gare ta ba, karatu take yi 😂

Dakta MK: Ƙanwata ki saurare ni da kyau. Ni wannan layin na bi, a kan ƙananan zanzaro na yi nawa a waje, na dawo da akwatuna cike da samfur kowanne da lambarsa da wurin da aka kama shi, ina zuwa sashenmu aka nuna min wani ɗaki rufinsa na yoyo aka ce nan ne ma'ajiya, babu kabad babu wuta, maikuroskof ɗaya ne mai aiki shi ma yana kulle a ofishin wani babba sai ka rubuta takarda. Damina biyu kawai, fumfuna da ƙananan ƙwaro suka cinye komai, allurai da takardu na tarar. Da na nemi kuɗin bincike tambayar farko da aka yi min ita ce wane amfanin gona wannan abin yake ci, na ce ba ya cin komai, aka ce to sai an jima. Yanzu kwas ɗin 'yan aji ɗaya nake koyarwa. Ki ɗauki sharon ki huta.

Maman Iman: Allah sarki Dakta, Allah ya musanya da mafi alheri. Maikuroskof kuwa maigidana ya sayo na hannu a Ingila fam 150, lafiya lau yake aiki.

Sadiq_Jos: Fam 150? Aunty wannan na 'yan sakandare ne. Nawa mai ido biyu fam 600 ya ci da fitilarsa, ban ma sa kamara ba.

Ɗan Kura: A Sabon Gari na ga wani dubu tamanin.

Sadiq_Jos: Wace shekara Alhaji?

Abu Zinder: Ni na ɗan taɓa waɗannan ƙwarin lokacin da nake karatu a Faransa. Micropterix calthella za ki fi samu, a kan furannin nan masu ruwan ɗorawa na wurare masu damshi, wani lokaci ki tarar da su da yawa cikin fure ɗaya, ko raga ba kya buƙata, kwalba ta isa. Wahalar tana wajen tantancewa, wasu sai an jiƙa cikin ƙwaron a ruwan sinadarin KOH mai narkar da tsoka an fiddo gaɓoɓin haihuwarsa an duba, don haka mai arhar nan ba zai yi miki ba. Kuma ki sani gida ba wurinsu ba ne, damshi suke so, tsutsar da yawansu a kan liverwort, wani ɗan ƙaramin tsiro na wuri mai damshi, take rayuwa ko cikin ruɓaɓɓen ganye. A cikin danginsu, Sabatinca na New Zealand da New Caledonia, Epimartyria na Amurka ta Arewa, Agrionympha na Afirka ta Kudu. Amma hannun da za ki samu wajen fiɗar ƙwaro da aikin DNA shi ne dai za ki yi amfani da shi a kan kowane ƙwaro daga baya, har sharon ɗin.

Dakta MK: Malam Abu ka taɓa koyarwa a jami'ar gida? Daga waje komai da sauƙin faɗa.

Abu Zinder: Ban koyar ba Dakta, amma ai ita a kan waɗannan ƙwarin ta yi tambaya kuma ni na riƙe su da hannuna, kai zanzaro ka yi.

Dakta MK: Ta tambayi wanda ya koma gida. Ni na koma.

Hafsy_Bio: Don Allah ku yi haƙuri, duk ina ƙaruwa da ku. Malam Abu, gaskiya ne an samu irinsu a cikin daskararren ƙaron itace a Lebanon?

Abu Zinder: Eh, Parasabatinca, ta haura shekara miliyan 120. Akwai ma lokacin da aka ware su aka ce rukuni ne mai zaman kansa, Zeugloptera, saboda muƙamuƙin nan, daga baya aka dawo da su cikin Lepidoptera, wato rukunin su malam-buɗe-littafi.

Sadiq_Jos: Ƙwaro ya shekara miliyan ɗari yana tauna, mu albashi ba ya kai mu ashirin ga wata 😂

Ɗan Kura: Ku dai kuna ta miliyoyi. A 2016 sharon ya share mana tumatir tun daga Kadawa har Kura, Kaduna har dokar ta-ɓaci aka sa, masu karatu suka zo da motoci suka ɗauki hoto suka ɗebi tsutsa a kwalba, har yau ban ga wanda ya dawo ya ce ga abin da ya gano ba.

Dakta MK: Da me za mu dawo Alhaji? Kuɗin man mota ma daga aljihunmu yake fita.

Maman Iman: Ni maganin feshin ma ya fi damuna, ƙanina ya saya jarka biyu bara ashe jabu ne, tsutsa ko gezau.

Ɗan Kura: Hajiya a wace kasuwa ya saya? Mai jan murfi ne ko mai kore?