Waƙar ƙauye ta Ostireliya: reshen adabin Ingila ce ko tsirowa ta yi da kanta?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum malamai. Waƙoƙin makiyaya da mahaya dawaki na Ostireliya, waɗanda ake haddacewa a karanta a gaban jama'a, ina suka haɗu da adabin Ingila? Kuma me ya sa malaman jami'a suke ɗan yatsina fuska idan an ambace su?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam Malama. Tushensu tsohuwar waƙar ba da labari ce ta Ingila da Sikotilan da Ayalan, wadda fursunoni da baƙin da aka kai Ostireliya suka tafi da ita. Kari da amsa-amo na can ne, doki da tumaki da farin rashin ruwan sama ne na Ostireliya. Adam Lindsay Gordon, ɗaya daga mawaƙan Ostireliya, ya fitar da kundinsa a 1870, kuma a 1934 aka kafa mutum-mutuminsa a kusurwar mawaƙa ta majami'ar Westminster Abbey a Landan, wato Ingila da kanta ta karɓe shi. Amma mujallar The Bulletin, da aka kafa a Sidni a 1880, ita ta raini wannan waƙa. A nan Banjo Paterson ya buga "The Man from Snowy River" a 1890, a nan kuma suka yi ta jifan juna da waƙa shi da Henry Lawson a 1892: Paterson na yabon zaman ƙauye, Lawson na cewa wahala ce zalla.

Yatsinar kuwa daga ƙarni na 20 ta faro, lokacin da da yawa daga manyan mawaƙan Turanci suka yar da amsa-amo suka koma waƙa sakakkiya. Mutanen ƙauye ba su bi su ba.

Baban Hanifa:
Ƙari a kan bayanin Malam, ga yadda ginin yake. A karin waƙar Hausa nauyin gaɓa ake aunawa. A Turanci gaɓoɓin da ake dannawa da ƙarfi ake ƙirgawa. Waccan waƙar ta Paterson baitinta ɗango 8 ne: dogo mai bugu 7, gajere mai bugu 5, a jere haka, ɗango na 1 ya amsa na 3, na 2 ya amsa na 4. Shi ya sa take tafiya kamar sukuwa.

Inda masu karantawa ke faɗuwa shi ne su riƙa buga kowane bugu da ƙarfi ɗaya, sai ta koma haddar 'yan firamare, labarin ya ɓace. Na biyu, tsayawa a ƙarshen kowane ɗango ko da jimla ba ta ƙare ba. A ɗauki alƙalami a yi alamar numfashi inda ma'ana ta tsaya, ba inda layi ya tsaya ba. Masu rubuta sababbi kuma sukan murɗe jimla don amsa-amo ya fito, kunne na kama wannan nan take.

Hajiya Mai Nazari:
Baban Hanifa ya yi daidai, sai dai kar a manta karatun waƙa da ka a dandali shi ma gadon Ingila ne. A zamanin Sarauniya Biktoriya har a makaranta ake koyar da shi, kuma waƙoƙin sojoji na mawaƙin Ingila Kipling na 1892 'yan gida ɗaya ne da waɗannan. Yau ƙungiyar mawaƙan ƙauye ta Ostireliya, wadda aka kafa a 1994, tana shirya gasa inda ake raba tsofaffin waƙoƙi da wanda mutum ya rubuta da kansa, kuma a garin Tamworth na ƙasar duk watan Janairu ana taruwa da sassafe, ana karin kumallo ana sauraro.