Taimako kafin ƙarfe huɗu: me za mu kira "prime number" a rediyo?

Mai Shirin Kimiyya: Salama alaikum. Yau da la'asar zan shiga ɗakin naɗar shiri, kan lambar da wani mai bincike, Luke Durant, ya gano a Oktoba 2024. A jera biyu sau 136,279,841 a ninka, sannan a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320, in kana karanta ɗaya kowace daƙiƙa sai ka kwana 474 ba ka ƙarasa ba. Babu mai raba ta ba saura sai ɗaya da ita kanta. Me zan kira irinta? Na rubuta "lambar farko", editana ya soke.

Malamin Lissafi: Ya kyauta da ya soke. Yaro ya ji "lambar farko" zai ce ɗaya, ita kuwa ɗaya ba ta ma cikinsu. A ajina "lamba mara rabuwa" nake cewa.

Ɗan Damagaram: Mu da Faransanci "nombre premier" aka koya mana, Larabawa kuma "adad awwali", duk ma'anarsu "lambar farko". Ka ga farkon bai faɗo daga sama ba. Shi ma masanin lissafi Mersenne, da ake kiran lambobi irin ta Durant da sunansa, Bafaranshe ne.

Baffan Yara: Gagara-rabo! Kamar gagarabadau, kamar gagara-gasa. Shekara uku ina tallarta a gidan nan, kun toshe kunne. Sai mun roƙo wajen Larabawa da Turawa?

Hajiya Mai Fassara: Baffa, a yi haƙuri, mai sauraro zai ɗauka lambar ce ba ta da rabo a duniya. Kuma "lamba" da kake faɗa daga Turanci take, "lissafi" daga Larabci. Ko za mu bar ishirin mu koma gomiya biyu?

Baffan Yara: Da mun koma da mun fi mutunci. Ku Kanawa kun mayar da Hausa gadon gidanku.

Ɗan Damagaram: Ashe ba mu kaɗai muke gani ba.

Malamin Lissafi: Ku bar Kano ta huta. Ni abin da nake so sunan ya nuna shi ne aikinsu. Ɗauki 2024: biyu sau biyu sau biyu sau 11 sau 23. Duk lambar da ta wuce ɗaya da su aka gina ta, shi ya sa wani lokaci nake ce wa ɗalibai "tubalin lamba". Kuma ka ja kunnen masu sauraro, ba duk wadda biyu ta kasa rabawa ba ce. 91 tana yaudarar manya ma, bakwai sau 13 ce.

Mai Shirin Kimiyya: Saura minti arba'in. Zan ce "lamba mara rabuwa", in bi da bayani, tubali kuma ya shiga a misali. Baffa, taka zan ambata sau ɗaya, a matsayin kirari.

Baffan Yara: Kirari dai? To. Amma ka ja wasalin "ga" ɗin farko yadda ya kamata, ina sauraro.