Don Allah a ba ni shawara: in mayar da Yayana gida ko ya zauna a Legas?

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan barci ya gagare ni. Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, shan inna ta kama shi yana ɗan shekara huɗu, ƙafafunsa duka biyu suka shanye. Ni aure ya kawo ni Legas a 2014, shi yana can ƙauyenmu wajen Kazaure da tsohuwarmu. Da Allah ya yi mata rasuwa matar kawunmu ta ce ba za ta iya da shi ba, aka yi ta jefa shi daga wannan gida zuwa wancan. Gonar gadonmu da ya kamata ta riƙe shi, wai an jinginar da ita tun Baba na da rai, ba takarda ba shaida. Na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinkina na aika kuɗin mota, aka sako shi a motar albasa har kasuwar Mile 12 nan Legas. Maigidana bai ce uffan ba, Allah ya saka masa, alhali ciki da falo muke da yara huɗu, kuma tun da aka hana acaɓa a Ikeja a 2022 abin hannunsa ya ja baya.

Yanzu Yaya na zama kusa da wani masallaci da ɗan farantinsa na turare, asuwaki da carbi. Sai ga saƙon murya na yawo a WhatsApp wai majalisar jiha za ta yi dokar hana bara, har mai ba da sadakar ma za a hukunta. Maigida ya fara cewa a yi tunani. Me zan yi?

Baban Sadiq, Alaba Rago:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, shekara 31 ina garin nan, ki ji magana ta: ki mayar da shi gida tun da girma da arziki. Saƙon da kika ji yana da tushe. A ƙarshen 2023 aka tattauna batun a zauren majalisa a Alausa, shugabanta Mudashiru Obasa, ɗan Agege ɗinku, ya yi maganar dokar da za ta mai da miƙa kuɗi a titi laifi, a kuma buɗe cibiyar da mai son sadaka zai kai. A 2013 zamanin Fashola an kwashi mutane cikin dare an sauke su a Onitsha, ƙasa ta ɗauki surutu. Waɗancan 'yan kudu ne. Ina ga namu?

Maman Hanifa, Agege:
Na gode Alhaji, amma Yaya ba bara yake ba, sana'a yake. In wani ya sayi asuwaki ya bar masa canji, laifinsa ne?

Baban Sadiq, Alaba Rago:
Nan ma ba ki tsira ba. Akwai dokar hana talla a titi tun 2003, Ambode ya farfaɗo da ita a 2016: tarar naira 90,000 ko wata shida, mai saye da mai sayarwa duka. Mai kame in ya ga gurgu a bakin hanya, kina jin zai tsaya duba abin da ke cikin faranti? Masu ƙafa su watse, shi a same shi a zaune.

Mai Keken Hannu, Ebute Metta:
Alhaji, da girmanka, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni gurgu ne, gyaran waya nake, kuma kullum maganar "a mayar da su gida" sai ka ce buhun masara ake zance. Hajiya, magana a zauren majalisa daban, doka daban. Ƙudiri sai ya yi karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, sannan gwamna ya sa hannu. A wancan zaman jin ra'ayin ne ya kamata sarakunan guragu da na makafi su je su ce a bambance mai sana'a da mabaraci, kuma a faɗa mana me za a ba mutum ya ci in an ɗauke shi daga titi.

Sannan jihar nan tana da dokar da ke kare mu tun 2011, ita ta haifi ofishin LASODA mai kula da masu buƙata ta musamman. A cikinta an ce mai ma'aikata ɗari ya ware mana aƙalla kashi 1 cikin 100. Ta tarayya wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce kashi 5 a ma'aikatun gwamnati, wanda ya nuna mana wariya kuma tarar naira 100,000 ko wata shida, kamfani miliyan ɗaya. Ki yi masa NIN da katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, ki kai shi rajista a LASODA. Sai dai ki sani, ita dokar tarayyar ta hana amfani da nakasasshe wajen bara. Wa ke kai shi bakin masallacin, kuma kuɗin hannun wa yake shiga?

Maman Hanifa, Agege:
Malam, wannan tambayar ta ƙarshe ta sosa min rai. Ɗana ne ke tura shi a keken guragu kafin ya wuce islamiyya. Kuɗin kuwa cikin cefane yake shiga, tukunya ɗaya muke ci. Da riba nake nema da shi da ban sayar da keken ɗinkina ba.

Maman Ummi, Idi-Araba:
Ni dokokin nan sun ishe ni wallahi. 'Yata kurma ce, shekararta tara. Ranar da na kai ta wani asibiti da ciwon ciki ba mai iya maganar hannu ko ɗaya, ni ban jin Yarbanci sosai, Turancina kuma na kasuwa ne. Muka wuni, yarinya na nuna cikinta tana kuka, ma'aikaciya na daka mata tsawa wai ta yi magana. Makarantu uku suka ce ba su da malaminta. Wadda ta karɓe ta sai mun hau mota biyu, kuɗin motar ya fi kuɗin abincinmu. Babanta ya ce a bar ta a gida ta koyi kitso. Har yau muna kan wannan rigimar.

Ɗan Obalende:
Gaskiya ne. Dokar tarayyar nan ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su yi hanyar keken guragu, ya cika a Janairun 2024. Ku je ku ƙirga matakala. Ƙanen babana makaho ne, sau biyu yana faɗawa kwata a unguwarmu.

Baban Sadiq, Alaba Rago:
To kun ji. Malam mai keke, kai kana da shago da sana'ar hannu, shi faranti gare shi. Kati zai hana a jefa shi a mota? In aka kai mutum cibiyar Majidun can Ikorodu, inda gwamnati ke ajiye waɗanda aka kwaso daga titi, wa wannan baiwar Allah ta sani da zai tsaya mata? A gida ko ba komai akwai dangi, akwai liman, akwai mai unguwa. Mutuwa cikin dangi ta fi wulaƙanci a bariki.

Mai Keken Hannu, Ebute Metta:
Wane gida, Alhaji? Kano ta hana bara a titi tun zamanin Kwankwaso, Kaduna ta yi tata dokar a 2016 lokacin El-Rufai. Dangin kuma ai ka karanta abin da suka yi masa. In faranti ne matsalar, a haɗa masa kuɗi ya kama ɗan teburi a cikin harabar masallaci ko cikin kasuwa, ya bar bakin titi. Ni zan sa dubu biyar.

Gwaggon Yara, Mushin:
Ɗiyata, ni tambaya ɗaya gare ni. Shekarunsa nawa, kuma shi me ya ce? Duk bayanin nan ban ji bakinsa ba. Yayanki ne fa, ba ɗanki ba. Wataƙila ma aure yake so ya yi, ya kama ɗakinsa.

Maman Hanifa, Agege:
Gwaggo, ban faɗa masa ba, yana da hawan jini kuma mutum ne mai saka abu a rai. Na san shi, zai ce ya zame mana nauyi ya tafi, alhali ni na san abin da ke jiran sa a can. Maganar teburi na taɓa nema, kwamitin masallacin suka ce in an ba shi sai an ba kowa. Rajista kuma, wa zai bar min yara da tuyar awara in wuni a ofishinsu a Alausa? Shi kansa hawa danfo da shi sai mutum biyu sun ɗaga, kwandasta na zagi. Ba ƙin shawararku nake ba, amma ku ba ku ga yadda gidan yake ba.

Baban Sadiq, Alaba Rago:
Akwai yaronmu da zai koma da motar shanu ranar Lahadi ta Kano. Zan sa a ba shi gaba kyauta. Ki yi magana da maigidanki.

Maman Hanifa, Agege:
Allah ya saka da alheri Alhaji, ban yanke ba tukuna. Gobe Juma'a, ita ce ranar da ya fi ciniki, har ya sa an wanke masa farar rigarsa. In bar shi ya fita ko in ce masa kekensa ya lalace?