Gyaran asibitin dabbobi a Zango: da me za a fara?

Dakta, Asawase: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ɗan asibitin dabbobin da nake aiki a ciki tun da na gama jami'ar KNUST ta nan Kumasi ya dawo hannuna, mai shi ya tsufa ya sallama mini. Ina so in gyara wurin, amma kuɗin ba za su ɗauki komai ba. Raina yana kan na'urar sikanin ciki. Ku da kuke kawo dabbobi, me ya fi damun ku?

Alhaji mai raguna, Aboabo: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, 'yata. Ajiye maganar sikanin tukuna, ki fara da firji da sola. Bara waccan na kai tumaki 14 wani wuri aka yi musu rigakafin PPR, annobar tumaki da awaki. Ba a rufa wata 2 ba ciwon ya shiga garken, majina, zawo, gyambo a baki, 6 suka mutu. Daga baya yaron shagon ya faɗa mini dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya riƙe su kwana 2, maganin ya kwana cikin zafi. Ruwa kawai aka ɗura wa dabbobina, na biya kuɗi.

Dakta, Asawase: Allah ya mayar da alheri, Baba. Yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, na PPR kuma da an haɗa shi da ruwansa ba ya jimawa. Zan sa ma'aunin sanyi a cikin firjin, a riƙa rubutawa safe da yamma.

Alhaji mai raguna, Aboabo: Ki manna takardar a inda za mu gani.

Hajiya, Tafo: Ni tawa matsalar wurin jira ce. Na kai kyanwata cikin kwando, benci ɗaya aka haɗa mu da wani ƙaton kare. Kafin a kira mu ta yi fitsari don tsoro, ta yakushe ni, likita ma ya kasa taɓa ta. Ban da wannan, kin san mutanenmu, mace ta fito da tufafin da za ta yi salla da su, ba ta son kare ya shinshine ta. Shi ya sa da yawa ba sa zuwa sam, sai su tsaya kemis su sayi abin da suka ga dama. Maƙwabciyata farasitamol ta ba tata kyanwar, washegari fuska ta kumbura, dasashi ya canja launi, ba ta kai dare ba. Ko katako ne ki raba ɗakin biyu, in da hali ƙofa biyu.

Dakta, Asawase: Innalillahi. Don Allah Hajiya ki gaya wa mata a makarantar dare, farasitamol guba ne ga kyanwa, ko ɓari kaɗan. Hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Mai karnukan gadi, Ayigya: Ni dai ban yarda a yar da sikanin ba. Karyata ta yi naƙuda ta haifi 4, muka ɗauka ta gama, ashe saura 1 a ciki. Da ƙyar aka ceto ta. Masu karnuka su ne za su riƙe miki asibitin duk shekara, raguna kuwa sai Layya ta matso.

Alhaji mai raguna, Aboabo: Ɗana, akuyar tsohuwa ita ce bankinta, kuma ba ta jiran Layya kafin ta yi ciwo. Sau nawa za a kunna sikanin a wata? Wanda ya buƙata ta tura shi makarantarsu ta KNUST, ko ofishin likitocin dabbobi na gwamnati a Amakom su nuna masa hanya. Madubin duba kashi da jini ya fi shi araha, kullum kuma sai an nemi tsutsar ciki da ciwon kaska.

Mai karnukan gadi, Ayigya: Haka ne, Baba. Amma a sa shi a lissafin baɗi.

Anti Nas, Sabon Zango: Ba wanda ya yi maganar yaran da ke riƙe dabbar. Ƙanwata, kafin ki sayi ko kujera, ke da ma'aikatanki ku je a yi muku rigakafin haukan kare. Na taɓa jinyar yaro mai wannan ciwon, ba na fatan in sake gani. Da alamu sun bayyana, kusan ba mai tashi. Ki tanadi takunkumi manya da ƙanana, safar hannu mai kauri, kwalin zuba allurai, da famfo da sabulu dab da teburin aiki, domin cizo minti 15 ake wanke shi da ruwa mai gudu kafin a ruga asibiti. Ku tuna 2023 da antaraks, cutar dabbobi mai kama mutane, ta ɓulla a Binduri can arewacin Ghana, har mutum ta kashe. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci, kada yaranki su farke ta, a kira jami'an gwamnati.

Ɗan autan zaure, Sawaba: Yaya Dakta, bar mini ɓangaren rubutu. Kowace dabba da katinta a waya: hoto, nauyi, allurar da aka yi, ranar dawowa. Tunatarwa kuma saƙon murya a WhatsApp da Hausa da Tuwi, don iyayenmu ba duka ke karanta saƙo ba. Ki karɓi MoMo, wato biyan kuɗi ta waya.

Hajiya, Tafo: Ki rubuta farashi a bango, sidi kaza allura, sidi kaza dubawa. Kunyar tambaya ke hana wasu shiga.

Alhaji mai raguna, Aboabo: Saura babur. Kuɗin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kai da komo wani lokaci ya fi na maganin, ga wahalar da rago mara lafiya. Ki ware rana ɗaya a mako ki zaga gidaje da akwatin sanyi. In kin yi allura kuma ki rubuta mana ranar da ya halatta a yanka. Ana soka wa rago magani jajibirin Salla, washegari iyali su ci.

Dakta, Asawase: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, Litinin za mu zo mu 3 a fara mana allurar. Firji da sola wannan watan, kafinta zai auna ɗakin jira gobe. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ina so ta same mu a shirye. Wa ya san mai haɗa sola na amana?

Ɗan autan zaure, Sawaba: Akwai wanda ya yi na masallacinmu, shekara 3 bai ba da matsala ba. Zan turo miki lambarsa ta gefe.