Yadda kiwo yake sauya ciyawar daji: abin da muka gani da idonmu

Mai buɗe zance, daga Dakoro: Assalamu alaikum. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani a yankinsa. A rijiyar da muke shayar da shanu a kwarin Tarka, idan mutum ya baro bakin rijiya sai ya fara taka ƙasa tsirara wadda kofato ya niƙe ta zama gari, daga nan ya shiga garmani da tumfafiya waɗanda shanu ba sa kula su, kuma sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya iske ƙarangiya da kyasuwa. Gamba kuwa, wadda mahaifina yake cewa tana ɓoye ɗan maraƙi kafin farin 1973, yanzu ba na ganinta sai a iyakar gonaki, inda ake tsaronta domin saƙar zana.

Dattijo daga Maigatari: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni a ganina lokacin kiwo ya fi yawan dabbobi ɓarna. Idan aka saki garke a kan sabon tsiro da farkon damina, aka kuma bar shi a wuri guda har kaka, ciyawa mai daɗi ba ta samun damar fitar da iri, ita kuwa wadda dabba take ƙi sai ta zubar da nata ta mamaye wurin. Da muna tashi da shanu mu yi arewa idan ruwa ya sauka, mu dawo bayan girbi su ci kara da harawa, saboda haka makiyayarmu tana samun hutun watanni.

Daga Gombe: Baba ya yi gaskiya, amma tashin ne ya gagara. An yi dokar keɓe wuraren kiwo a Arewacin Nijeriya tun 1965, duk da haka burtalin da nake bi ina yaro gonaki sun matse shi har shanu suna tafiya a jere. Tafasa ce kaɗai ta rage a cikinsa, kuma inda hanyar ta gangara ruwa ya ci ta ya zama kwazazzabo.

Mai kiwon awaki, daga Tasawa: 'Yan'uwa, kada a manta da alherin dabba. Ƙananan gawon da suka fito a gonarmu duk a inda muke ɗaure awaki da rani suka tsiro, domin ƙwayar da ta bi ta cikin akuya tana saurin tsirowa, ga kuma taki a kanta. Abin da ke kashe su shi ne a bar awakin su dawo su cinye kan tsiron tun bai kai gwiwa ba, shi ya sa nake kewaye kowanne da ƙaya.

Daga Tanut: Mun taɓa hana kiwo a wani fili shekara uku. Ciyawa ta dawo, amma busasshiyar ta taru har ta danne sabon tsiro, sannan gobarar daji ta lashe ta a dare ɗaya lokacin hunturu. Yanzu muna buɗe shi bayan iri ya zuba, kofato ya tura ƙwayar cikin ƙasa.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Baba na Maigatari, wata nawa kuke barin wuri kafin ku dawo, kuma gamba ta taɓa dawowa da kanta ko sai an dasa saiwarta?