Filin bakin teku na Maƙeri: kowa ya kawo yadda zagayensa ya kasance

Ɗan Kibiya:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyar ke nan da Maƙeri ya saki gwajin filin golf na bakin teku da ya ƙera a gem ɗin PGA Tour 2K23, kuma na lura kowa sambarka kawai yake yi masa ya wuce. Mutumin nan ya ce wata huɗu ya kwashe yana sassaƙar ƙasar nan, to sambarka ba za ta gyara masa ko rami ɗaya ba. Roƙona shi ne duk wanda zai yi magana ya fara faɗin mafarar da ya buga daga kanta (wurin bugun farko na kowane rami), jerin tuta na nawa ya zaɓa cikin huɗun (tsarin inda aka kafa tutar kowane rami), saurin girin (lallausar ciyawar da ke kewaye da rami), da matakin bugunsa. In ba haka ba, za mu yi ta musu alhali ba fili ɗaya muka buga ba.

Ni na buga daga mafarar can baya, jerin tuta na ɗaya, saurin girin yadda mai fili ya saita shi, a matakin Master. Par 71 ne, wato bugu 71 ake sa ran a gama filin da su, na tashi da 69. Rami na farko ya yi mini daɗi ƙwarai: titin ciyawa mai faɗi, ba wata barazana, amma in ka kwanta dama don gudun ramin yashi sai ka tarar tudu ya tare maka ganin tuta. Wato ya ba ka wuri, sannan ya caje ka kuɗin wurin a bugu na biyu. Haka ake so. Inda na fara zufa shi ne rami na 7, amma bari in ji ta bakinku tukuna.

Mai Hagu:
Wa alaikumus salam. Tunda ka ambaci na 7, bari in sauke abin da ke raina. Mafarar baya, jerin tuta na uku, na ƙure saurin girin zuwa ƙarshe, matakin Pro. Yadi 190 da ɗoriya, na ɗauki sandar ƙarfe mai lamba biyar, na yi bugu mai tsafta, ƙwallo ta sauka kamar ƙafa shida daga tuta. Wallahi har na ajiye hannun gem ina jiran tafi. Sai na ga ta ci gaba da tafiya, tana tafiya, ta bi hagu ta fice ta baya ta gangara cikin wani kwari. Na ɗago ta daga can, ta haura ta wuce ramin, ta tsaya jim, ta juyo ta dawo ƙafata. Bugu shida na yi a rami mai par 3. Maƙeri, da girmamawa, wannan ba wahala ba ce, mugunta ce.

Baba Direba:
Mai Hagu ɗana, ka yi haƙuri, amma kai ka ɗebo da zafi. Ramin nan ba ƙirƙirar Maƙeri ba ce, kwaikwayon Redan ne, rami na 15 a filin North Berwick da ke Sikotilan. Girin ɗinsa a karkace yake, ya taso daga gaba ta dama ya nufi baya ta hagu, kuma yana gangarawa nesa da mai bugu, ga ramin yashi mai zurfi yana gadin gaban hagu. Tun farkon ƙarni na 20 masu zanen fili suke kwafarsa, ɗayansu C.B. Macdonald ya kai shi Amurka ya sa shi rami na 4 a filin National Golf Links. Duk hikimarsa ita ce ba a nufar tuta. Ana jefa ƙwallo a kafaɗar dama, a bar gangaren ya kai ta. Kai kuwa ka nufi tuta kai tsaye a kan girin mai gudu daga gare ka, ka kuma ƙure sauri da hannunka. Me kake so ƙwallo ta yi, ta taka birki?

Ni da jerin tuta na biyu na buga, na rage sanda ɗaya, na kwantar da bugun ƙasa-ƙasa, na sauke ta wajen yadi goma sha biyar kafin tuta ta dama. Na zauna ina kallonta tana lanƙwasa kamar an ɗaura mata zare, ta tsaya ƙafa huɗu. Shekara goma ina wannan gem tun zamanin The Golf Club na 2014, wanda shi ne asalinsa, da wuya in tuna bugun da ya faranta mini kamar wannan.

Mai Hagu:
Baba na ji, kuma na karɓi laifin bugun farko. To na biyun fa? Ƙwallon da ta haura ta dawo ƙafata, ita ma tarihi ne ya dawo da ita?

Uwar Biyu:
A nan kam Mai Hagu yana da gaskiya, Baba. Bayan na karanta kukansa na koma na buɗe ramin da irin saitinsa, jerin tuta na uku da sauri na ƙarshe, na kunna layukan gangare. Murabba'i biyu daga cikin taran da ke kewaye da ramin ruwan ɗorawa ne, kuma taku kaɗan bayansu ja ne wur. Masu tantance filaye a TGC Tours, dandalin da ke shirya gasannin wannan gem a intanet, sun daɗe suna duba wannan abin, ba sa son ganin launin ɗorawa a cikin murabba'i taran nan, saboda a nan ne ƙwallo take ƙin tsayawa ko da an gangara ta a hankali. A saurin da Maƙeri ya saita komai kore ne, shi ya sa bai gani ba. Gangaren bai canza ba, amma da zarar an ƙara sauri sai launin ya juya. Don haka ku biyun duk kun faɗi abin da kuka gani, Baba ya buga Redan, Mai Hagu ya buga santsi.

Nawa zagayen kuwa daga mafarar tsakiya na yi shi, don ni ba na neman suna. Na tashi da 74 kuma ban ji haushi ba. Abin da ya fi burge ni ba ramin da kuke faɗa a kai ba ne, na 12 ne, gajeren par 4 ɗin nan. Daga tsakiya direba, sandar bugun nesa, tana iya kaiwa girin, sai dai bakin shigar ƙunci gare shi, yashi hagu da dama. Na tsaya na fi minti guda ina canza sanda, in ɗauki direba in mayar, in ɗauki ƙarfe in mayar. A ƙarshe na ji tsoro na ajiye ta da ƙarfe shida, sai na tarar bugun weji, sandar gajeren bugu, daga nan ma ba kyauta ba ne, girin ɗin siriri ne ta wannan kusurwar. Ya tuna mini da na 10 a filin Riviera na Amurka, wanda gajartarsa ce take yaudarar mutane. Maƙeri, kada ka taɓa wannan ramin ko da an roƙe ka.

Ƙaramin Sani:
Ni ƙorafina daban ne kuma na san wasu za su ce na talaka ne. Tsohuwar na'ura gare ni. Daga rami na 1 zuwa na 9 lafiya lau, amma ina shiga na 14, inda aka cika gefen tudun nan da doguwar ciyawa, sai hoto ya fara sarƙewa. Ku da kuke bugu da sandar hannun gem kun san abin da hakan yake nufi: in hoto ya yi tsalle a tsakiyar bugu, saurin hannunka ya lalace, gem ya rubuta maka cewa ka yi gaggawa, ƙwallo ta karkace hagu. Sau biyu ina shiga teku ba da laifina ba. Na koma bugun dannawa uku don in ƙarasa zagayen, shi ma da ƙyar. Yaya Maƙeri, ciyawar nan tana da kyau a hoto, amma rabinta ma zai isa. Wadda ke bayan tudu inda ba mai ganinta fa, wa take yi wa ado?

Tsohon Soja:
Na buga sau uku, a kwamfuta, jerin tuta na ɗaya da na biyu da na huɗu. Ban ga sarƙewar da Sani ya gani ba amma na yarda da shi, na 14 da na 15 an yi musu lodi.

Abubuwa ƙanana da na rubuta ina tafe. Mafarar rami na 3 ba ta kwanta daidai ba, ƙwallo tana ɗan sama da ƙafa tun kafin ka buga, wannan a mafara bai kamata ba. Ramin yashin dama a na 5 yana kan tudu kamar an manna shi, bakinsa na ƙasa bai nutse ba, in ka kalle shi daga nesa sai ka ce tabarma aka shimfiɗa. A na 9 akwai wurin da titin ciyawa ya haɗu da girin da wani ɗan tsini, alamar layukan zane biyu ba su haɗu da kyau ba. Sai hasken rana: ka ajiye ta ƙasa sosai, ramukan da ke fuskantar yamma duk inuwa ce a fuskar yashi, mutum ba ya gane zurfinsa sai ya faɗa.

Babban abin da nake so a tattauna shi ne na 16. Bugun farko makaho ne, ba ka ganin inda ƙwallo za ta sauka. Ba na ƙin wannan, filayen bakin teku na asali cike suke da shi. Amma a can sukan kafa sanda ko farin dutse a kan tudu don mutum ya san inda zai nufa. Nan babu komai, kuma ni ina kashe kyamarar leƙen gaba in ina wasa. Na nufi tsakiyar tudu bisa hankali, na haura na tarar da ƙwallona a ramin yashin da ba yadda za a yi in san da shi. In za ka ɓoye mini fili, to kada ka ɓoye mini tarko a inda hankali ya ce in nufa.

Baba Direba:
Soja, filin Old Course na St Andrews a Sikotilan fa cike yake da ramukan yashin da ba a gani daga mafara, kuma ba wanda ya ce a cike su.

Tsohon Soja:
Haka ne Baba, amma can mai ɗaukar maka jaka yana gefenka yana ce maka nufi can. Nan daga ni sai allo. Kuma yawancin masu buga filin da wani ya ƙera sau ɗaya suke bugawa su ba shi taurari su wuce, ba za su dawo zagaye na biyu don su koyi inda tarkon yake ba.

Maƙeri:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Na karanta komai sau biyu, na Mai Hagu sau uku don in tabbatar ba zagina yake ba.

Hajiya Uwar Biyu, kin kama ni. Ban taɓa gwada girin ɗin a sauri na ƙarshe ba, a nawa saitin kawai na yi ta bugawa har na haddace shi. Tutar jeri na uku a na 7 za ta matsa ciki kamar ƙafa takwas, kuma zan ɗan ɗaga bayan hagu yadda ƙwallon da ta zo a hankali za ta samu wurin zama. Amma gangaren kansa yana nan, wanda ya nufi tuta kai tsaye zai ci gaba da ziyartar kwarin nan. Zan bi sauran tutoci 71 ɗin ɗaya bayan ɗaya da wannan saurin.

Sani, ma'aunin da ke iyakance yawan kayan shukar da gem ya yarda a sa ya kusa cika tun ina rami na 15, shi ya sa ma na 17 da na 18 suka fito tsirara in kun lura. Zan kwashe ciyawar bayan tudu in raba musu. Soja, mafarar na 3 kuskure ne, na daidaita ta tun farko, daga baya na ɗaga ƙasar gefenta da babban burushi sai ya ja ta ban sani ba. Na 16 kuwa zan kafa farin dutse a kan tudu, amma ramin yashin ina son in bar shi, in dai matsar da shi hagu kaɗan ya fita daga layin dutsen. Rana ce kawai ban yanke shawara ba, don in na ɗaga ta tudun nan duk sai su baje a ido.

Ku tuna in an wallafa fili ba a iya komawa a gyara shi, sai dai a sake fitar da wani da sabon suna. Shi ya sa na sa wa wannan alamar gwaji. Duk wanda yake da sauran magana ya faɗa yanzu kafin in rufe.

Ɗan Kibiya:
Tunda ka buɗe ƙofa: ramuka masu par 3 guda huɗu ne, uku daga ciki da ƙarfe biyar ko huɗu na buga su. Ka gajarta ɗaya sosai. Na 8 a filin Royal Troon na Sikotilan yadi 123 ne kacal kuma manyan 'yan wasa suna jin tsoronsa. Na 11 ɗinka da ƙaramin girin ɗin nan zai fi kyau da weji a hannu da iska a fuska, ka jawo mafarar gaba ka gani. Rana kuma ka bar ta inda take, Soja ya sa tabarau.

Mai Hagu:
Na koma na 7 yanzun nan, saiti iri ɗaya, na bi maganar Baba. Ƙarfe shida, ƙasa-ƙasa, kafaɗar dama. Ta lanƙwasa ta zo ta tsaya ƙafa uku a saman ramin. Na taɓa ta da ƙyar, ta lashi baki ta wuce, ta tafi kwarin nan dai. Maƙeri, ƙafa takwas ɗin nan ka mayar da ita goma.