Wai FLCL ɗin nan ina ya dosa?

Ɗan_Fagge: Jama'a don Allah wa ya kalli FLCL, katun ɗin Japan na 2000? Wata ta zo a Vespa ta banke yaro ta kwaɗa masa jita a goshi, kawai sai ga mutum-mutumi na fitowa daga kansa, ni fa kaina ya kulle wallahi.

Ummi_Z: Hhhh ai haka yake, kashi 6 ne kacal, kamfanonin Gainax da Production I.G suka yi. Labarin balagar yaron nan Naota ne aka lulluɓe da shirme.

Sadauki: Malam daina wahalar da kanka, ji waƙoƙin mawaƙan The Pillows da ke cikin katun ɗin kawai.

Ɗan_Fagge: To ita Haruko mai Vespa ɗin, mutum ce ko aljana?

Ummi_Z: Daga wata duniyar ta zo, Atomsk, sarkin 'yan fashin sararin samaniya, take farauta, yaron nan amfani kawai take da shi.